Wanda ya gayyace ka ba shi ke riƙe da mabuɗin ƙofa ba

Akwai wata matsala da take ta maimaita kanta a ma'aikatu da jami'o'i da ƙungiyoyin da suke gudanar da tarukansu a manhajar Microsoft Teams. Za a shirya babban jawabi da za a watsa kai-tsaye, a aika wa mutanen waje gayyata tare da mahaɗin shiga. Ranar taro ma'aikatan gida su shige lami lafiya, su kuwa waɗanda aka gayyato daga waje su yi cirko-cirko, allon wayarsu yana shaida musu cewa ba su da izini. Wanda ya shirya taron zai rantse ya gayyace su, kuma ba zai yi kaffara ba. Jami'in sashen kwamfuta zai duba ya ce babu abin da ya lalace, shi ma a kan gaskiyarsa yake. Abin da ake ciki shi ne, a wannan tsari gayyata daban, izinin shiga daban, kuma ba hannu ɗaya ke riƙe da su ba.

Ya kamata a fara rarrabe irin taron da ake magana a kai. Teams, wadda kamfanin Microsoft ya fitar a watan Maris na 2017, tana da taro na yau da kullum inda kowa zai iya buɗe makirufo ya yi magana. Tana kuma da taron watsawa, inda mutane kaɗan ke magana, furodusa yana zaɓar abin da zai fito a allo, dubbai suna kallo, ba su da hanyar sa baki sai ta rubuta tambaya. Hoton ma sai ya yi jinkirin wasu daƙiƙu kafin ya iso musu. Wannan nau'in shi ne Live events, kuma asalin iyakarsa masu kallo 10,000 ne. A watan Oktoba na 2023 kamfanin ya fito da magajinsa, Town hall, ya ce zai rufe tsohon a ƙarshen Satumbar 2024, daga baya ya janye wannan wa'adi. Haka aka ci gaba da tafiya da su biyun, kowanne da 'yan bambance-bambancensa, abin da ya ƙara wa masu shirya taro ruɗani.

Tushen ruɗanin kuwa shi ne mutumin waje ba iri ɗaya ba ne a idon tsarin. Kowace ma'aikata da take amfani da Microsoft 365, wato tarin manhajojin ofis da Teams take ciki, tana da rajistar sunayenta, wadda a da ake kira Azure Active Directory, aka sauya mata suna zuwa Entra ID a 2023. Duk hukuncin da za a yanke a kan mutum daga wannan rajista yake farawa. Akwai wanda aka gayyata a hukumance, ya amsa, aka buɗe masa gurbi a cikinta. Ba ma'aikaci ba ne, amma sunansa yana ciki, da tambarin da ke nuna daga waje yake. In ka leƙa za ka ga an liƙa wa adireshinsa #EXT# a tsakiya. Wannan shi ne baƙo mai rajista. Ana iya sa shi cikin rukunin aiki, ya ga fayilolin rukunin, ya shiga hirarsu. Akwai kuma ma'aikacin wata ma'aikatar da ita ma take kan Teams. Idan ɓangarorin biyu sun bar hanyar a buɗe, zai iya aiko maka da saƙo, ya kira ka, ya halarci taronka na yau da kullum da sunansa na gaskiya, amma ba ya cikin rajistarka, ba ya ganin fayilolinka. Sai wanda ya latsa mahaɗi daga burauza, ya rubuta duk sunan da ya ga dama, ya shigo. Tsarin bai san ko wane ne ba, kuma ba shi da hanyar sani.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, mutum ɗaya yana iya zama kowanne daga cikin ukun nan a wuni ɗaya. Asusun da ya shiga da shi ne ke yanke hukunci, ba fuskarsa ko muƙaminsa ba. Farfesan da aka yi wa rajistar baƙo da wani adireshi, in ya latsa mahaɗi alhali wayarsa tana kan wani asusun, to a wurin tsarin wani mutum ne can daban.

Wanda ya san gidan gargajiya zai gane lamarin da sauri. Ɗan gida yana iya ce wa abokinsa ya zo, amma ko abokin zai tsaya a zaure, ko zai wuce shigifa, ko zai kai tsakar gida, wannan hukuncin maigida ne, kuma an yanke shi tun kafin a san da zuwan abokin. Bambancin dai, a nan masu gidan sun kai uku ko huɗu, kowa da ƙofar da yake tsaro, kuma sau da yawa ba ofis ɗaya suke ba, wani lokacin ma ba ƙasa ɗaya ba.

Masu kula da rajista su ne a gaba. Su ke yanke wa aka yarda ya gayyato baƙo: kowane ma'aikaci, ko wasu zaɓaɓɓu, ko babu kowa. Su ke kuma riƙe da jerin wutsiyoyin imel, wato abin da ke biyo bayan alamar @. Ma'aikata tana iya rubuta jerin waɗanda ta hana, kowa ban da su ya shigo. Ko ta rubuta jerin waɗanda ta amince da su, kowa ban da su ya tsaya a waje. Ɗaya ake zaɓa, ba a haɗa biyun. Wadda ta zaɓi na biyu, ta jera manyan abokan hulɗarta kaɗai, ta rufe wa duk mai Gmail da Yahoo ƙofa ke nan, ko da ba ta yi niyya ba. Bayansu sai masu kula da Teams kanta. A hannunsu akwai maɓallin da ke kunna ko kashe shigar baƙi ɗungurungum, wanda tun Fabrairun 2021 yake zuwa a kunne sai in ma'aikata ta kashe da kanta. Akwai wani maɓallin na waɗanda ba a san su ba. Akwai kuma ƙa'idar da ke cewa wane irin taron watsawa aka yarda ma'aikaci ya shirya. Sai bayan duk waɗannan ne ake zuwa kan mai shirya taro, wanda allo ke ba shi zaɓi uku: taro na mutanen da ya ambata da suna, ko na duk 'yan ma'aikata, ko na kowa da kowa. Idan na sama da shi sun hana na ukun, zai ga zaɓin ya dusashe, ba ya latsuwa.

Ƙa'idar da ke ɗaure wannan jeri ɗaya ce: na ƙasa yana iya ƙuntatawa, ba ya iya faɗaɗawa. Mai shirya taro zai iya rage waɗanda za su shiga, amma ba zai iya ba da abin da na sama ya hana ba. Saboda haka ƙofar da ta fi kowace ƙunci ita ce ke yanke wa baƙo hukunci, kuma shi mai gayyatar sau da yawa bai ma san da ita ba, domin ba a allonsa take ba.

Zaɓi na tsakiya, na duk 'yan ma'aikata, shi ne wurin da ya fi buƙatar a tsaya, domin yana cutarwa ta fuska biyu. Bayanin da Microsoft ya rubuta game da Live events ya faɗa ƙarara cewa wannan zaɓi ya haɗa da baƙi masu rajista. Dalili a fili yake: tsarin rajista yake dubawa, su kuma suna cikinta. To ka ga ma'aikacin wata ma'aikata da kuke aiki tare shekara da shekaru, kuna musayar saƙo kullum a Teams, ba zai shiga ba, domin ba ya cikin rajista. Amma ɗan kwangilar da aka yi wa rajista shekara uku da suka wuce don wani aiki na wata biyu, aka gama aka manta da shi, in mahaɗin ya faɗo hannunsa zai shiga ya zauna ya ji shugaban ma'aikata yana bayani a kan rage ma'aikata ko giɓin kasafin kuɗi. Shugaban yana magana da sakin jiki, yana ganin daga shi sai 'yan gida. Wannan ya fi damuna a kan baƙon da aka hana shiga, domin shi wanda aka hana zai yi waya ya yi ƙorafi a san da matsalar, shi kuwa wanda ya shiga ba bisa ƙa'ida ba babu wanda zai ji motsinsa sai in wani ya zauna ya bi rahoton mahalarta suna bayan suna. Rajistar baƙi kuma ba ta share kanta sai an saita ta. A manyan ma'aikatu tara su ake yi, kowane aiki ya zo da nasa, babu mai komawa ya duba.

Mu sauko ƙasa mu ga yadda abin yake a hannu. A ce wata ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa za ta gabatar da sabon tsarin bayar da rahoton kuɗi ga ƙananan ƙungiyoyin da take aiki da su a Maiduguri da Damaturu. Jami'ar shirye-shirye ta tsara taron, ta zaɓi na sunaye, ta sa adireshin akantan wata ƙaramar ƙungiya, wanda aka yi wa rajistar baƙo bara da Gmail ɗinsa. Sai dai a wayarsa Teams a buɗe take da asusun da jami'a ta ba shi lokacin da yake digiri na biyu. Ya latsa mahaɗi, wayar ta miƙa asusun jami'a, tsarin ya duba jerin sunaye bai ga wannan ba, ya mayar da shi. Ya kira ta.

"Hajiya, ya ƙi buɗewa fa. Cewa yake ba ni da izini."

"Malam, wallahi da hannuna na sa sunanka. Sake gwadawa mu gani."

Ya sake, amsar ba ta canza ba. Ita kuma ta kira sashen kwamfuta a ofishin Abuja.

"Injiniya, don Allah ka taimaka, mutanena suna waje, kuma an fara."

"Ranki ya daɗe, ta nan komai daidai yake. Ki ce ya fita daga asusun da yake ciki, ya shiga da adireshin da aka gayyace shi da shi, sannan ya sauya zuwa sunan ƙungiyarmu a cikin manhajar."

Malam ya fita, ya rubuta Gmail ɗinsa. Tsarin ya ce ya aika masa da lambar shiga ta imel, wadda take mutuwa bayan minti 30. Ya lalubo ta a cikin jakar tarkacen saƙonni. Ya shigar, sai wani allon ya fito yana cewa wannan ƙungiya tana buƙatar tabbaci na biyu, wato ƙarin shaidar cewa shi ne mai asusun, ya sauke manhajar Authenticator ya yi rajista. Sabis yana ɗaukewa yana dawowa, data tana tafiya. Kafin ya kammala an wuce bayanin sabon fom ɗin, an shiga tambayoyi. Babu wanda ya yi kuskure babba a cikinsu, amma ƙarshen wata shi ne za a dawo wa da rahoto a ce bai bi sabon tsari ba.

Da ma a ce tsugune ta ƙare da shiga. Akwai ƙofa ta huɗu, ta ma'ajiyar fayiloli, kuma tana da tarihi. A shekarun farko, taron da aka haɗa da na'urorin sutudiyo na waje ta manhajar bidiyo ta Microsoft Stream yake bi, ita kuwa tsohuwar Stream ba ta karɓar baƙo, ba ta karɓar wanda ba a sani ba. Sai ka ga ma'aikata ɗaya, ƙa'ida ɗaya, ƙaramin taron da aka haɗa a cikin Teams baƙi sun kalla, babban taron da aka kashe wa kuɗi aka ɗauko kyamarori ba su kalla ba. An rufe tsohuwar Stream a watan Afrilun 2024, kuma tun 2021 rikodin tarukan yau da kullum ya koma zama a OneDrive da SharePoint, ma'ajiyoyin fayiloli na Microsoft, kamar kowane fayil. Wannan ya warware wata matsala ya haifar da wata, domin yanzu ƙa'idar raba takardu ita ce ke hukunci a kan bidiyo.

Ita wannan ƙa'ida hawa huɗu ce. Ma'aikata tana iya barin a raba fayil da duk wanda mahaɗi ya isa hannunsa, ko da baƙi sababbi da tsofaffi, ko da waɗanda suke cikin rajista tuntuni kaɗai, ko kuma ta ce 'yan gida zalla. Wani shafi a cikin SharePoint ba ya iya zarce hawan da aka sa wa ma'aikata baki ɗaya, haka OneDrive ba ta iya zarce SharePoint. Manyan tarukan watsawa suna da nasu maɓallin barin masu kallo su sake kallon abin da aka naɗa, amma da zarar an sauke bidiyon an ajiye a ma'ajiyar ma'aikata, ko aka zo raba takardun jawabin, wannan ƙa'idar ce ke aiki. Shi ya sa za ka ga mutum ya halarci taro daga farko har ƙarshe, an ce masa za a turo takardu, an turo mahaɗi, ya latsa an ce ya nemi izini. Har ila yau SharePoint tana da wani rukuni da ake yawan amfani da shi wanda ya ƙunshi kowa ban da mutanen waje. Wato baƙon da taron duk 'yan ma'aikata ya ɗauka a matsayin ɗan gida, ma'ajiyar fayiloli ta wannan ma'aikatar ba ta ɗauke shi haka ba.

Idan kuwa baƙon shi ne zai yi jawabin, aikin ya ƙaru. Baƙo ba ya iya shirya taron watsawa a ma'aikatar da ba tasa ba. Hanyar da aka daɗe ana bi a Live events don ya zama mai gabatarwa ita ce a sa shi cikin wani rukunin aiki, ya amsa gayyatar, sannan a tsara taron a sa sunansa cikin masu gabatarwa. In ya shiga ta mahaɗin masu kallo, zai ga kansa cikin 'yan kallo, ana ta cigiyarsa a wancan ɓangaren, ba shi da makirufon da zai ce ga ni.

To me ya sa ma'aikatu suke ɗaure ƙofofin nan haka? Ba mugunta ba ce, kuma ba kuɗi ba ne, tunda baƙo ba ya buƙatar lasisi irin na ma'aikaci, kuma a tsarin lissafin Microsoft baƙi 50,000 na farko a kowane wata kyauta ne. Tsoro ne, kuma tsoron yana da tushe. A lokacin kullen korona masu halartar tarukan Zoom a kullum sun tashi daga kimanin miliyan 10 a Disambar 2019 zuwa miliyan 300 a Afrilun 2020. Nan take 'yan kutse suka shiga faɗawa azuzuwa da taruka suna watsa batsa da zagi, har ofishin hukumar FBI da ke Boston ya fitar da gargaɗi a ƙarshen Maris na 2020, kamfanin Zoom kuma ya mayar da lambar sirri da ɗakin jira su riƙa zuwa a kunne. A Nuwambar wannan shekarar wani ɗan jarida na gidan talabijin ɗin RTL Nieuws na Holan, Daniel Verlaan, ya faɗa taron sirri na ministocin tsaron Tarayyar Turai, bayan an wallafa wani hoto a shafin Twitter na ministar tsaron ƙasarsa, Ank Bijleveld, wanda ya nuna biyar daga cikin lambobi shida na shiga. Ya gwada ya dace da ta shidan, ya ɗaga wa Josep Borrell, babban jami'in harkokin wajen Tarayyar a lokacin, hannu. A Agustan 2023 Microsoft ya bayyana cewa gungun masu kutsen da yake kira Midnight Blizzard, wanda ake dangantawa da hukumar leƙen asirin Rasha, ya yi amfani da asusun ƙananan kamfanonin da ya ƙwace yana aika wa ma'aikatan wasu hukumomi saƙo a Teams da sunan jami'an taimakon fasaha. Ta hanyar nan ta hulɗa tsakanin ma'aikatu suka bi. Ga kuma doka. Ta kare bayanai ta Turai ta fara aiki a Mayun 2018, ta Nijeriya aka sa mata hannu a Yunin 2023, kuma dukkansu sun ba da wa'adin sa'o'i 72 na sanar da hukuma idan bayanan mutane suka fita ta hanyar da za ta iya cutar da su. Jami'in da zai amsa tambaya a ranar da aka samu ɓaraka, ba abin mamaki ba ne in ya ga rufewa ta fi masa kwanciyar hankali.

Na yarda da tsoron, amma ban yarda cewa rufe komai shi ne maganinsa ba. A farkon Maris na 2024 kafar yaɗa labaran Rasha ta saki sautin wata tattaunawa ta minti 38 da manyan hafsoshin sojan saman Jamus suka yi a manhajar taro ta Webex game da makamai masu linzami na Taurus. Ministan tsaro Boris Pistorius ya ce ɗaya daga cikin mahalarta ne, wanda yake Singafo a lokacin, ya shiga ta layin da ba shi da tsaro. Babu baƙo a cikin taron. Daga cikin gida ɓarakar ta zo. Abin da ya fi haka yawa kuma, ko da yake ba ya shiga labarai, shi ne abin da ma'aikata suke yi idan aka rufe musu hanyar da ta dace alhali aiki yana jira. Wata ta kira baƙon a WhatsApp ta jingina wayar da lasifikar kwamfuta. Wani ya naɗi allon da wayarsa ya tura a rukunin abokan aiki. Wani ya buɗe Zoom da asusunsa na kansa ya kwashe taron zuwa can. Mafi muni, wani ya ara wa baƙon sunansa da kalmar sirrinsa "na awa ɗaya kawai", ya ba shi imel da takardun albashi da komai a haɗe. A duk waɗannan hanyoyi abin da ake ɓoyewa ya fita, kuma ya fita ta inda babu rajista, babu rahoton wa ya gani, babu yadda za a janye shi. An gudu ba a tsira ba. Baƙo mai rajista kuwa an san sunansa, an san lokacin da ya shiga, ana iya cire shi a minti ɗaya.

Akwai kuma batun wanda nauyin yake faɗawa a kansa, wanda masu rubuta ƙa'idojin nan a hedikwata ba kasafai suke hangowa ba. An gina tsarin ne da zaton baƙo ma'aikacin wani babban kamfani ne, mai adireshin ofis, mai kwamfutar da ofis ya ba shi, mai sashen fasaha da zai kira. Irin wannan baƙon ma ana iya sauƙaƙa masa, domin akwai saitin da ma'aikata za ta amince da tabbaci na biyu da ya riga ya yi a ma'aikatarsa, ba sai ya sake ba. A wurinmu kuwa likita da lauya da malamin jami'a da shugabar ƙungiyar mata, da yawansu da Gmail suke aikin ofis, a kan waya ɗaya, da datar da suka saya da kuɗinsu. Ƙa'idar da ta ce sai wutsiyar imel ta hukuma, ko sai na'urar da ma'aikata ke kula da ita, a takarda kowa ta shafa, a aikace kuwa su take tacewa. Kuma galibi su ne aka shirya taron dominsu.

Wani lokacin ma shigar mutumin waje haƙƙinsa ce, ba alfarma ba. Dokar kamfanoni ta Nijeriya ta 2020 ta bai wa kamfanoni masu zaman kansu damar yin babban taronsu ta intanet, dokar sauƙaƙa kasuwanci da aka sa wa hannu a Fabrairun 2023 ta faɗaɗa damar zuwa kamfanonin da jama'a ke da hannun jari a ciki. Mai hannun jari ba ma'aikaci ba ne, ba ya cikin rajistar kowa, amma shi ne mai kamfanin. Idan saitin da aka yi don tsare asirin ofis ya tsayar da shi a waje ranar babban taro, maganar ta wuce ta sashen kwamfuta.

A ganina kuskuren yana faruwa ne tun daga wanda aka bar wa hukuncin. An bar wa jami'in fasaha ya amsa tambayar da ba tasa ba: wane bayani ne namu mu kaɗai, wanne ne namu da abokan hulɗa, wanne ne na duniya? Wannan aikin shugabanni ne, su zauna su raba tarukansu bisa abin da za a faɗa a ciki. Laccar da za a ɗora a YouTube washegari ba ta da dalilin tilasta wa mutum rajista da tabbaci na biyu. A ba wasu amintattun ma'aikata izinin shirya taron kowa da kowa, tunda ƙa'idar tana karɓar a ba wasu a hana wasu, a sa mai tace tambayoyi, shi ke nan. Taron da ya shafi albashi ko korar ma'aikata bai kamata a dogara da zaɓin duk 'yan ma'aikata ba. A yi shi da rukunin da aka tabbatar babu baƙo a ciki. Na tsakiya, na abokan hulɗa, shi ne mai aiki: a yi musu rajista da wuri, a rubuta musu a cikin gayyatar da wane adireshi za su shiga, da harshen da suke ji, a kuma ajiye takardun taron a shafin da aka buɗe wa baƙi tun farko. Entra ID tana da hanyar bitar baƙi lokaci zuwa lokaci, inda ake tambayar wanda ya kawo su ko har yanzu ana buƙatarsu, SharePoint kuma tana karɓar a sa wa izinin baƙo wa'adi. Kayan aikin suna nan, mai ɗaukar nauyin juya su ne ake rasawa.

Shi kuma mai shirya taro, gwajin da yake yi daga kwamfutar ofis ba ya nuna masa komai, domin shi ɗan gida ne, kowace ƙofa a buɗe take a gabansa. Gwajin da zai amfane shi sai da wayar da ba ta ma'aikata ba, da adireshi irin na mutanen da ya gayyata, a kan data ba intanet ɗin ofis ba, ya bi hanyar tun daga latsa mahaɗi har buɗe takardun da za a raba. Kuma ya yi shi kwana biyu ko uku kafin taro, domin in aka gano ƙofar da ta ƙi, ko da jami'in ya amince ya buɗe nan take, sauyin ƙa'ida a Teams yana iya ɗaukar sa'o'i, wani lokacin har 24, kafin ya fara aiki.